Ɓeraye Goma Sha Biyu

Da bakinta Auta ta karanta labarin a shirinta na rediyo: wai masana sun gano tafarnuwa ta fi ƙwayar hawan jini aiki. A wata mujalla mai sheƙi ta tsince shi. Mahaifinta kuwa, da shirinta ba ya wuce shi, sai ya ajiye magungunansa bai gaya wa kowa ba. Bayan sati uku ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo.

A asibiti ma ya ƙi haɗiye ƙwayar. Bakinsa a karkace yake cewa, "'Yata ta ce an yi bincike."

"Baba, kuskure na yi."

"Lallashina kike yi. Likita ya sa ki."

Likitan ya ja ta gefe, ya ce jinin ya ƙi sauka, shanyewar ɓarin jikin na iya ƙaruwa ko yaushe.

Da hantsi ta faɗa laburaren jami'a, mujallar a hannunta duk ta yamutse. Dattijon da ke kula da wurin ya karɓa ya gyara tabarau.

"Wa ya rubuta, 'yata?"

Ta duba. Babu suna.

"Waɗanne masana? A ina suka wallafa?"

"Malam, ni dai masana aka ce. Don Allah ka taimake ni, mahaifina na kwance."

Ya buɗe shafi na gaba. Tallar ƙwayar tafarnuwa ce ta cika shi.

Ya zaro wata mujalla mara ado daga kanta, ya nuna mata sunayen marubuta da jami'o'insu, da jerin ayyukan da suka dogara da su. "Irin wannan ba a buga ta sai wasu masanan fannin sun yi mata tankaɗe da rairaya. Taki kuwa, edita kawai ya gani ya ce ta yi."

Ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya danna wurin da ke tace sakamako, ya bar waɗanda aka tantance kaɗai. Duk da haka ɗaruruwa suka fito. Ta buɗe wannan, ta rufe wancan, wayarta na ta ruri, yayarta ce daga asibiti, ita kuma tsoron ɗauka take. Sai a na talatin da wani abu ta ga alƙaluman da mujallar nan mai sheƙi ta kwaso. Ɓeraye goma sha biyu aka gwada wa. Marubutan da kansu sun ce ba a gwada a jikin mutum ba, kada kowa ya bar maganinsa.

Ta koma asibiti da takardar binciken, ta durƙusa a gefen gadon mahaifinta tana fassara masa.

"Ɓeraye?" in ji tsohon. "Auta, ni kika haɗa da ɓera?"

Ya miƙa hannun da ke motsi, yayarta ta sa masa ƙwayar.

Ko hawayenta Auta ba ta share ba aka kira ta daga tashar rediyo. Mai tsara shirin ne, muryarsa cike da murna: masu sauraro sun dame su da waya, suna tambayar ƙwaya nawa ta tafarnuwa za su ci a rana.

"Ka buɗe min layi yanzu," ta ce, tana gudu a barandar asibitin. "Ko labarai ake yi, ka katse."