Sunan da Baturiya Ke Son Ji

Rakiya ta sauko daga bas a Makera da la'asar sakaliya, ƙafafunta duk sun kumbura. Tun asuba take tsaye a layin ofishin biza, can tsallaken gada. Ta yi sallama ciki-ciki, ta zube gefen tabarmar surukarta, Inna, wadda ke tsintar shinkafa.

Sista Lydia, nas ɗin da suke haya gida ɗaya, ta fito ko farar rigar aikinta ba ta cire ba.

"Amaryar Ingila! An buga bizar?"

"Ba a buga ba. Wai in koma ran Alhamis. Baturiyar ofishin ta ce daga wannan ba ni da wata dama, za ta rufe fayil."

"Takardar aure fa? Ta asibiti? Hoton huhu? Ni da hannuna na jera miki su!"

"Duk ta karɓa. Ta sa na yi rantsuwa, sai ta fara tambaya. Wai yaya sunan mijina."

"To?"

Rakiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale.

Lydia ta ɗora hannu a ka. "Kar ki ce mini haka kika yi mata."

"Na nuna mata a jikin takarda. Tafinta ma, Malam Filibus, ya yi mata bayani cewa mu ba ma faɗin sunan miji. Ta ce ta ji, amma mata da yawa na zuwa da auren bogi, dole ta ji daga bakina. Wallahi Sista, harshena ne ya ƙi."

Shekara uku ke nan. Wata biyu da tarewarta masaƙar da mijin yake aiki ta tura shi kwas Ingila, ya gama, ya samu aiki, ya nemi a kai masa matarsa. Tun lokacin take yawo: yau ofishin fasfo, gobe mai hoto, jibi allura. Mahaifinta kuwa ya gaji. Ya aiko cewa in wannan karon bai yiwu ba, zai je wurin alƙali a raba auren, ba zai bar 'yarsa ta tsufa tana auren kaset ba, miji sai dai muryarsa a kaset ɗin da yake aikowa.

Lydia ta jawo kujera 'yar tsugune, ta ɗora tabaron Inna a kan hanci, ta maƙale murya.

"Ni ce Baturiya. Madam, wane ne mijinki?"

"Malam."

"Malamai sun fi dubu a Kaduna. Wanne?"

"Ɗan Inna."

"Ke! Ni nawa mijin sunansa Monday. Monday! Monday! In ya ƙi tashi coci har da sunan kakansa nake haɗawa. Aradu ta faɗo mini?"

Rakiya ta so ta yi dariya, gajiya ta hana. Ta buɗe baki, ta dubi surukarta, ta rufe.

Lydia ta juya. "Inna, ki sa baki mana. Ki faɗa ta maimaita."

"Ni?" Inna ba ta ɗago daga faifai ba. "Ɗan fari ne, Lidiya. Tun ranar suna ban taɓa kama sunan nan ba. Yaron nan nake cewa."

"Ikon Allah! Gida guda, mata biyu, ba mai iya kiran mutum ɗaya. In ya faɗa rijiya fa?"

Jiniyar masaƙa ta yi kuka daga Kakuri, ma'aikatan yamma suka fara wucewa a kan kekuna.

Lydia ta cire tabaron ta miƙa. "Na gaji, tun safe nake tsaye. Amarya, ki shirya komawa gidan Baba."

Har ta kai bakin ƙofarta, Inna ta ajiye faifai.

"Rakiya."

"Na'am, Inna."

"In kin tafi, ni kaɗai zan rage a ɗakin nan, na sani. Da son raina ne da na yi shiru." Ta goge hannu da zani, ta juya fuskarta bango. "Isiyaku. Sunansa ke nan. Na faɗa, kin ji ni. Saura ke."

Rakiya ta rufe fuska da gyale. Muryar da ta fito ko Lydia ba ta ji ba.

"Baturiya kurma ce," in ji Lydia. "Ƙara!"

Har aka kira magariba suna abu ɗaya.

Ran Alhamis Rakiya ta faɗi sunan da ƙarfin da ya sa masu jira suka waiwayo. Baturiyar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta rubuta, ta wuce: ina aka ɗaura aure, wane aiki yake yi, su waye ƙannensa. Daga ƙarshe Malam Filibus ya ce ta dawo mako mai zuwa ta karɓi fasfo.

Da ta isa gida ta tarar da Inna tsaye gaban kabad ɗin jerenta. Ta gaya mata. Inna ta gyaɗa kai, ta shafa murfin wata samira.

"Zaɓi waɗanda jirgi zai yarda ya ɗauka. Sauran ki bar mini su a jere, kada ɗakin ya zama kango."