Kada Ka Kira Motar Asibiti

Wa ya kulle ƙofar nan? Corinne Haskell da ta murza makulli daga ciki, ko Stanley Dudek da ya tsaya a waje ya ƙi furta mata kalma ɗaya? Har yau ba a samu wanda ya raba wannan gardama ba.

Abin da kowa ya gani dai shi ne, da hantsin ranar kwasar shara, 'yan kwana-kwana biyu suna ɓamɓare ƙofar da sandar ƙarfe, motar asibiti tana tsaye a bakin titi fitilunta suna juyawa. Dudek yana kan ciyawarsa, hannuwa a aljihu. Maƙwabta duk sun firfito baranda da kofunan gahawa, kamar an ce musu yau kallo kyauta ne.

"Kai ka kira mu, tsoho?" in ji ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan.

"Ni ne."

"Danginta ne kai?"

"Allah ya sawwaƙe. Bango kawai muka haɗa."

Gida ɗaya ne aka raba biyu, irin tsofaffin gidajen katakon gabashin Toledo: ƙofa biyu, baranda ɗaya, bangon tsakiya kuwa ko tari ka yi sai an ji ka. Dudek ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar gilashi, ya biya kuɗin ɓangarensa tas, ya binne matarsa Helen bai ranci ko sisi ba. Wannan shi ne addininsa. Duk mai cin bashi a wurinsa ko wawa ne ko ɗan rainin wayo.

Corinne haya ta kama a ɗaya ɓangaren. Digiri biyu gare ta a fannin tarihi, aikinta kuwa amsa waya a wani kamfanin sayar da katifa, inda suke auna mata awoyin aiki da gangan don kada su kai inda za a ba ta inshorar lafiya. Ranar da ta tare ya hango ta tana kafa takardun digirin a bangon falo. Tun daga nan ya raɗa mata Farfesa.

"Farfesa, yau wane tsohon sarki kuka tono?"

"Sarkin katifa, Mista Dudek. Ya ce a gaishe ka, wai ya ga bayanka ya fara lanƙwasa, ka zo a yi maka ragi."

"A ƙasa zan kwana kafin in sayi katifa bashi."

"Ai na sani. Har duwatsun layin nan sun sani."

Ciwon sukari take fama da shi tun tana yarinya, irin wanda in babu allura babu rai. Sauran labarin ta bango ya ji shi, don shi ba mai tambaya ba ne. Rabin bashin karatunta na banki ne, kuma uwarta, wata bazawara a Findlay, ita ta sa hannu ta tsaya mata. In Corinne ta tsallake wata guda, wayar tsohuwar ake kira. Saboda haka duk ƙarshen wata banki ne farko, haya na biyu, abin da ya rage shi ne na allura. In bai kai ba, sai ta riƙa ja, kwalbar sati biyu ta kai uku. Dudek yakan ji ta tana cewa, "Lafiya lau nake, Mama, wallahi har ƙiba nake yi," sai ya yi tsaki ya ƙara muryar talabijin. Mutum ya karanta tarihin duniya kaf, amma bai iya lissafin da yaron makaranta ya iya ba.

A bazarar bara ta yanke jiki ta faɗi kusa da duromin shara. Dudek ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya kira motar asibiti. Kwana biyu ta yi a asibiti ta dawo da ƙafarta. Ya zaci za ta kawo masa ko da gwangwanin giya ne na godiya. Abin da ta kawo masa, bayan wata guda, takarda ce.

Yana wanke akori-kurarsa ta same shi. Jar mota ce mai kujera ɗaya doguwa, tsohuwa amma ko ƙwarzane babu. Duk Lahadi yake wanke ta. Tun da Helen ta rasu babu wanda ya zauna a gefensa, har ƙaramin matashin da take jingina bayanta yana nan inda ta bar shi.

"Karanta," in ji Corinne.

"Tabarauna yana ciki."

"To bari in karanta maka. Dala dubu biyu da ɗari huɗu. Na motar kawai ke nan, ba a zo kan gado ba tukuna. Tafiyar da ko takalmi ba su gama cire mini ba muka isa."

"Sai ki ce na gode, Mista Dudek, ka ceci raina."

"Na gode, Mista Dudek. Ka ceci raina ka jefa mini wata uku na allura a kwata." Ta ninke takardar. "Alfarma ɗaya nake nema. In ka sake ganina a ƙasa, kada ka kira su. Ka ɗauke ni a wannan motar ka kai ni. Asibitin yana nan bayan gada."

Ya ci gaba da goge ƙofar motar.

"Motata ba ta asibiti ba ce, ni kuma ba direban kowa ba ne. Ki mace mini a hanya, ɗan'uwan nan naki na Arizona ya kawo mini lauya, a ƙwace gidan da na yi gumi na biya? A'a."

"Trent? Trent ko jana'izata sai an biya masa kuɗin jirgi."

"Duk ɗaya. In na gan ki a ƙasa, waya zan ɗauka. Haka doka ta ce, haka hankali ya ce."

"Ko na ƙarya ne ka yi mini alkawarin mana, hankalina ya kwanta."

"Ba na ƙarya, ba na cin bashi. Ba ni na aike ki karatun matattu ba, Farfesa. Kuma ki matsa, kina taka mini tiyo."

Ta dube shi, ta dubi matashin da ke kan kujera, ta matsa.

Daga ranar ta daina zama a baranda da la'asar. Labulen tagarta da kullum yake buɗe ya rufe. In jikinta ya motsa, ba ta fitowa ko shara ce ta cika, kuma yana jin ƙarar makulli tun da rana tsaka. Dudek ya gane sarai daga wa take ɓuya. Ya ce wannan wautar ta wuce ta digiri biyu, sai dai ta uku. Ya sha tsayawa a bakin ƙofarta da niyyar cewa wani abu, amma duk abin da ya zo bakinsa gaskiya ce, ita kuma ba gaskiya take nema ba.

Ana gobe za a ɓalle ƙofar, da azahar yana cin burodi da nama a kicin, ya ji abu ya faɗi a bayan bango. Ba ƙarar kwano ba ce. Ya ajiye burodin ya fita ya buga ƙofarta.

"Farfesa?"

Sai muryarta ta zo daga ƙasa-ƙasa, daidai gindin ƙofa.

"Kujera ce ta faɗi, Mista Dudek."

"Kujera ba ta nishi. Buɗe in gani."

"Ka yi alkawari?"

"Buɗe dai."

"Ka ce za ka kai ni da kanka. Kalma ɗaya ce. Ka ce to."

Ya tsaya yana kallon fentin ƙofar da ya fara ɓarewa. Makullin motar yana aljihunsa, yana jin sanyinsa a cinya. Amma ita ce ba ta da gaskiya, kuma in ya ce to, ya sa hannu ke nan a kan wautarta, kamar yadda uwarta ta sa hannu a banki. Ya ga inda sa hannu yake kai mutane.

"Ba a yi mini ciniki a bakin ƙofa," in ji shi. "Ko ki buɗe, ko in kira su yanzun nan."

"In ka kira su zan miƙe in ce musu ƙalau nake, kai ne tsufa ya fara taɓa maka kai. Amai ne kawai. Ruwa zan sha in kwanta. Gobe za a biya mu albashi, in karɓo allurata. Je ka yanki ciyawarka."

Ya je ya yanki ciyawarsa. Ya yi ta a miƙe, layi bayan layi, har ya haɗa da tata, abin da bai taɓa yi ba. Injin yankan ciyawar yana da ƙara sosai.

Da safe duromin shararta bai fito bakin titi ba. Ya buga, ya buga, ya kira ta Farfesa, ya kira ta Corinne. Sannan ya ɗauki waya.

Ƙofar ta ɓalle. Ba su daɗe a ciki ba. Da suka fito ba sa sauri, kuma direban motar asibitin ya kashe fitilunsa.

Kafin la'asar Bernadette ta tsallaken titi ta iso da tiren taliya da cuku, idanunta jawur. Matar da ba ta taɓa sanin sunan marigayiyar na biyu ba.

"Kai Stan, abin tausayi! Yarinya mai ilmi. Me ya hana ta faɗa wa mutane? Ai da mun taimaka."

"Wa za ki ba taliyar, Bernadette? Gidan babu kowa."

"To ai haka ake yi."

"Haka ake yi," in ji shi, ya rufe ƙofa.

Trent bai zo ba. Daga Arizona ya buɗe asusun neman taimako a intanet, ya sa hotonta sanye da rigar kammala jami'a, ya rubuta cewa 'yar'uwarsa jaruma ce. Kafin mako ya fita an tara abin da zai saya mata allurar shekara guda. Mutane ba sa ba mai rai, sai sun tabbata ba zai dawo ya sake roƙo ba.

Uwar ta zo a bas. Ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun yi yana, shi ya sa ta daina tuƙi. Dudek ya taya ta sauke takardun digirin daga bango, don hannunta ba ya kaiwa.

"Kai ne Mista Dudek? Kullum tana ba ni labarinka. Ta ce kai kaɗai ne a garin nan ba ka taɓa yi mata ƙarya ba."

Ya ce ƙusar ta yi tsatsa, bari ya ɗauko filaya.

Da ya dawo tana zaune a kan kwali, waya a cinyarta.

"Bankin ne," in ji ta. "Wata yarinya mai daɗin murya. Ta ce suna taya ni baƙin ciki ƙwarai da gaske. Ta ce ranar biya ba ta canja ba." Ta shafa gilashin da ke kan takardar digirin. "Da na san da allurarta take biyansu, ai da na ce su zo su ɗauki gidan."

Ƙona gawar aka yi, shi ya fi binnewa araha. Tsohuwar ba ta iya jira ba, kuɗin masauki ya ƙare, ta koma Findlay ta bar wa masu ƙonawar lambar Dudek. Bayan kwanaki suka kira shi.

"Tokar Mis Haskell ta kammala, ranka ya daɗe. Za mu iya aikawa ta gidan waya, akwai ɗan abin da ake biya. Ko iyali su zo su ɗauka."

"Ni ba iyali ba ne."

"To mu aika ta gidan waya ke nan? Da wane kati za a biya?"

Dudek ya dubi bangon tsakiya. Tun da aka kwashe kayanta, in ya yi tari sai ya ji tarin ya dawo masa.

"Ku ajiye ta nan," in ji shi.

Ba Lahadi ba ce, amma ya wanke motar. Ya sa rigar da ya sa ranar jana'izar Helen. Kwalin da suka miƙa masa bai kai na takalmi girma ba, sai dai ya fi yadda ya zata nauyi. An manna sunanta a jiki, an rubuta Corinne da harafin n ɗaya maimakon biyu. Ya so ya yi musu masifa, ya fasa.

Ya buɗe ƙofar gefe. Ya daɗe yana kallon matashin Helen, sannan ya gyara shi, ya jingina kwalin a jikinsa, ya jawo bel ya ɗaure.

"Kada ki taɓa mini rediyo, Farfesa," in ji shi.

Hanyar Findlay ta gaban layinsu take bi, ta haye gada. Bai ma gama daidaita madubi ba sai ga asibitin a hannun dama, ƙofar gaggawa a buɗe, wata mota tana sauke wani mutum da ya dafe ciki. Fitilar kan titi ta koma ja ba zato. Dudek ya taka birki, hannunsa na dama ya miƙe da kansa ya tare kwalin.

Fitilar ta koma kore, na baya suka fara danna masa oda. Hannun yana nan bai ɗauke ba.