Ƙeyar Direba

Tsohon direban bai so zuwa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar haya, kuma har yau bai gane yadda mutum zai ce sana'arsa shafa fenti a jikin ƙyalle ba. Amma mai zanen Autarsa ce, kuma yau ne karon farko da aka ba ta zaure guda ta rataye zane-zanenta. Matarsa ta goge masa riga, ta tasa shi gaba.

Zauren fari fat ne. Mutane na tafiya a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu dubiya a asibiti. Auta ta taho da sauri, ta rusuna ta gaishe su, ta kama hannunsa.

"Baba, zo ka ga babban."

Zanen ya cika bango, ya fi ƙofa tsayi. Mutum ne aka zana ta baya: ƙeya, kunnuwa, wuya, kafaɗu. A gabansa gilashin mota ne, hasken safiya na kwararowa ta ciki har ya kewaye kan mutumin. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa, sai ka rantse in ka taɓa za ka ji danshi.

"To ina fuskar tasa?" in ji tsohon. "Ko fentin ne ya ƙare?"

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta dafe ƙirji, ta matsa kusa.

"Malam, kai ne fa! Dubi tabon nan na bayan kunne, na ranar da murfin inji ya faɗo maka."

Ya kai hannu bayan kunnensa ya shafa. Tabon na nan. Ya daɗe da sanin sa da yatsa, amma bai taɓa ganin sa da ido ba.

"Kujerar bayanka ce tawa, ka tuna?" in ji Auta. "Shekara shida kana sauke ni a makaranta kafin ka wuce tasha. Idonka na kan hanya, ni kuma nawa na nan. Na haddace shi tsaf. In jijiyar nan ta tashi, na san hanya ba kyau, sai in kama bakina. In kunnenka ya motsa, na san dariya kake ɓoyewa."

"Kunnen nawa ne ke motsi?"

"Sosai ma," in ji matarsa, tana share ido da bakin mayafi.

Ya ja da baya, ya ɗaga kai. Bai san kafaɗunsa sun taɓa kai haka faɗi ba. Ya tuna dubban mutanen da suka zauna a bayansa, masu ciki, tsofaffi, 'yan makaranta, wasu har barci suke yi. Ashe abin da suke kallo ke nan, suka miƙa masa rayukansu.

Wata baƙuwa da ke tsaye kusa da shi ta ce da ƙawarta, "Ni dai ji nake in ina bayan mutumin nan, ba abin da zai same ni."

Ya lalubi hannun Auta ya riƙe.

"Samo mini kujera, 'yar nan," ya ce a hankali. "Ban gama gani ba."