Yatsan Kafinta

Ɗigo ta kai shekara huɗu ba ta taɓa cewa Baba ba. Sunan ma ubanta, Kafinta, shi ya laƙaba mata, don an haife ta 'yar mitsitsiya kamar ɗigon gam a kan katako. Wayo kam tana da shi. Ka ɓoye mata abu, za ta bi idonka har ta gano inda yake. Amma ka tsaya a bayanta ka yi ta kira har muryarka ta dushe, ko gezau.

Uwarta ce ta fara cewa yarinyar nan ba ta ji. Kafinta ya ce ba a faɗin wannan magana a gidansa. Shi a wurinsa tana ji sarai. A shagonsa take yini tun tana rarrafe, kuma in an tada injin fere katako babu mai jin wani, da hannu ake magana. Ka taɓa kafaɗar mutum ya ɗaga katako, ka buga tebur ya kashe inji. In za a tada injin, Kafinta kan cire abin toshe kunnensa, mai kama da kofi biyu haɗe da ƙarfe, ya ɗora wa Ɗigo, shi ya zauna haka nan. In kuwa tana kan cinyarsa yana so ta saki abin da ta riƙe, ƙusa ce ko fensir, sai ya danna mata babban yatsa a haƙarƙari, a hankali. Nan take za ta saki. Bai taɓa zama ya koya mata ba. Haka kawai abin ya zauna a tsakaninsu.

Uwar dai ba ta haƙura ba. Ta kai ta wurin mai kemis, ya ce datti ne, ya ba da maganin ɗigawa. Ta kai ta asibitin unguwa, likita ya leƙa da tocila ya ce kunne tas, ya zagaya bayanta ya tafa hannu. Iskar tafin ta kaɗa wa yarinya gashi, ta waiwaya. Ya ce to ga shi nan, tana ji. A bakin ƙofa wata nas ta ja uwar gefe ta ce kada ta tsaya nan, akwai sashen ji na yara a babban asibiti, can ƙarshen gari, su aikinsu ke nan. Sai dai layi ne mai tsawo. Suka sa suna, suka yi watanni suna jira.

Ranar da aka kira su Kafinta ya rufe shago ya bi su, yana ƙunƙuni tun daga gida.

Mai gwajin mace ce doguwa mai gilashi, ba ta da yawan dariya. Ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce in yarinya ta kasa wannan gwajin, yau ɗin nan za ta tura su bene na sama a yi mata babban awo, a haɗa mata na'urar ji, a ba ta malamar koyon magana. Ta ce yaro da ƙuruciya yake kama magana, in lokacin ya wuce kamawar sai da wahala. In kuwa ta ci gwajin, shi ke nan, sai su tafi gida su ba wani yaro wuri.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da wani abu mai taushi, ƙofarsa mai kauri kamar ta firij. Da aka rufe, Kafinta ya ji har bugun jininsa. Ɗigo ta ƙi yarda a sa mata komai a kunne, ta ƙanƙame wandon ubanta. Mai gwaji ta ce ba komai, ya ɗauke ta a cinya, za a sako ƙarar ta lasifika. Ta kawo bokitin roba da 'yan gutsattsarin katako masu launi, ta nuna wa yarinya da hannu: ki riƙe, in kin ji ƙara ki jefa a bokiti. Ta fita ta zauna bayan wata tagar gilashi da ke jikin bangon ɗakin, uwar na tsaye a gefenta.

Ɗigo ta riƙe jan katako a saman bokiti.

Ƙarar ta zo, siririya, kamar ta tsuntsu daga nesa. Kafinta ya ji ta. Ya ga yarinya ba ta motsa ba. Kafin ya yi wani tunani yatsansa ya danna.

Katako ya faɗa bokiti.

Wannan na farkon, ko a gaban alƙali zai iya rantsuwa ba da niyya ba ne. Amma ya ɗaga kai ya ga matarsa bayan gilashi ta rufe baki da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Rabon da ya ga fuskarta haka tun ranar da Ɗigo ta fara tafiya. Da ƙara ta biyu ta zo, ya san abin da yake yi. Hannunsa na ƙarƙashin hammatar yarinya, rigarta ta rufe shi. Ya danna. Ta uku ma ya danna. Har ya riƙa jinkirtawa kaɗan don kada abin ya yi tsaf da yawa, yadda yake wa sabon tebur in ana so ya yi kama da tsoho.

Mai gwaji ta fito ta daɗe tana kallon yarinya. Ta so ta gwada wata 'yar na'ura da ake sawa cikin kunne, Ɗigo ta fasa ihu ta ture hannunta. Mai gwaji ta haƙura. Ta ce yadda ta gani dai jin nata ba laifi, wataƙila nauyin baki ne, a yawaita yi mata magana, in babu canji su sake sa suna.

A mota uwar ta yi ta hamdala. Ta kira 'yar'uwarta a waya, ta kira mahaifiyarta. Kafinta ya sa ido a taga.

Washegari Mai Fenti, maƙwabcinsa na shago, ya leƙo da burushi a hannu.

“Sarkin ƙusa, na ji labari! Ashe gimbiya tana ji, raina mu kawai ta yi?”

“Haka suka ce.”

“To ai gado ne. Kai ma in an zo karɓar kujera da ka yi alkawari, ba ka ji.”

Kafinta ya tada inji, ko katako bai sa ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne gida. Da can uwar takan zagayo gaban yarinya ta durƙusa ta yi mata nuni. Yanzu ta daina. Tunda masu ilimin abin sun ce tana ji, to ta ji. Daga kicin take ƙwala mata kira. In ba ta zo ba ta fito a fusace.

Wata rana da safe yana ɗaura takalmi, uwar ta fito da tukunya mai zafi, Ɗigo na zaune a bakin ƙofa ta juya baya tana jera murafun kwalba.

“Ɗigo, matsa! Ke Ɗigo! Ba da ke nake ba?”

Ta ajiye tukunyar, ta kama kunnen yarinya ta murɗe, ta ƙara mata da mari a kafaɗa.

“Kunnen ƙashi! A gaban likita kin iya ji, ni ce ba ki ɗauka a bakin komai ba ko?”

Ɗigo ba ta yi kuka nan take ba. Ta dafe kunne ta ɗaga kai tana duba fuskar uwarta, tana neman laifin da ta yi. Sannan ta juyo ta dubi ubanta.

“Ki bar ta mana,” in ji shi.

“In bar ta? Kai ne ka ɓata ta, Baban Ɗigo. Tun farko kai ka ce tana ji, ga shi gaskiyarka ta fito. To bari in gyara abata.”

Ya fita da takalmi ɗaya a kwance.

Ranar ya lalata ƙofar mutane, ya yanke ta ta gaza. Da azahar uwar ta kawo masa abinci, Ɗigo na biye da ita. Ya ce ta zauna. Ta ce ta bar wanki a jiƙe. Ya ce ta zauna dai. Ya ɗauki yarinya ya ɗora a cinya, ya ba ta guntun katako, ya tura gwangwanin ƙusa gabanta.

“Ɗauki gudumar nan ki koma bayanmu ki buga tebur.”

“Wane irin wasa ne wannan da rana tsaka?”

“Buga.”

Ta buga. Har Mai Fenti ya leƙo ya koma. Ɗigo na riƙe da katakonta tana kallon wani ƙuda.

“Yanzu zo gaba. Kalli hannuna.”

Ya ɗaga rigar yarinya kaɗan don ta gani. Shago shiru, babu ƙarar komai. Ya danna. Katako ya faɗa gwangwani. Ɗigo ta juyo tana murmushi, tana jiran a yaba mata.

Matar ta tsaya da guduma a hannu. Ta dubi yatsan, ta dubi kunnen da ta murɗe da safe, har yanzu da ja.

“Duka gwajin haka aka yi?” ta ce.

“Duka.”

“Ka bar ni na kira Inna na ce mata an warke. Ka bar ni na dake ta.”

Ya ce eh.

Ya ɗauka za ta yi ihu, ko ta jefe shi da gudumar, da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye ta a hankali kan tebur, ta ɗauke 'yarta daga cinyarsa ta goya, babbar yarinya ƙafafu na reto, ta tafi. Abincin ya huce a nan.

Da gari ya waye ya ce su shirya. Ba ta tambaye shi ina ba. Ya ɗauki abin toshe kunnen shago ya sa a jaka.

A asibiti mai karɓar kati ya ce ba su cikin na yau, su sa suna su jira kira. Kafinta ya ce shi ba gwaji ya zo ba, magana ya zo faɗa. Ya zauna kan benci a bakin ƙofa. Yara na shiga suna fita. Akwai wani ƙarami, bai kai Ɗigo ba, da na'ura shuɗiya a bayan kunne, yana ta zuba wa uwarsa surutu, rabi ba a ganewa. Kafinta ya kawar da kai. Matarsa ba ta kawar ba.

Sai da layi ya ƙare mai gwaji ta fito da jakarta. Ya miƙe ya tare ta.

“Ranki ya daɗe, gwajin da kika yi wa 'yata, ni na ci shi, ba ita ba.”

Ya nuna mata yadda ya yi. Ta cire gilashi ta goge ta mayar.

“Malam, ni ka cuta ko ita?”

“Ita.”

“Ka san da yanzu an auna ta an gama? Raina bai kwanta da ita ba ranar, amma na ce uba ba zai yi wa 'yarsa haka ba. Me ya kai ka?”

Ya buɗe baki zai ce uwarta ya gani tana murna, sai ya ji ba zai iya ɗora mata wannan ma ba. Ya ce, “Ba na so a ce mata kurma.”

“To ba a ce ba. Ta ji?”

Ta duba agogo, ta ja tsaki, ta ajiye jakar.

“Ku shigo. Amma uwar ce za ta riƙe ta.”

Aka gwada, Ɗigo ta ƙi. Ta zame daga hannun uwarta ta haye cinyar ubanta ta kafe. Uwar ta koma bayan gilashi. Kafinta ya zaro abin toshe kunne ya nuna wa mai gwaji. Ta juya shi ta duba, ta gyaɗa kai. Ya sa a kansa, ya sauke hannu biyu ya kama ƙafafun kujera.

Aka rufe ƙofa. Duniya ta ɗauke. Bai san ko an sako ƙara ko ba a sako ba. Yana ganin bakin mai gwaji na motsi bayan gilashi, ba ya jin komai, sai ya tsinci kansa yana bin idonta yana neman abin da ake so da shi.

Ɗigo ta riƙe katako a saman bokiti. Ta jira. Hannunta ya fara gajiya. Ta juyo ta dube shi. Ta sunkuya ta ɓamɓare hannunsa daga ƙafar kujera, ta kamo babban yatsan ta ɗora a haƙarƙarinta, daidai wurin, ta koma ta gyara zama.

Ya janye hannun. Ta sake kamowa. Ya sake janyewa, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Ta dube shi irin kallon da ta yi wa uwarta a bakin ƙofa.

Haka suka zauna. Can sai ya ji wani gurnani ya ratso ta kujera har cikin ƙashinsa. Ɗigo ta zabura, ta zaro ido tana neman inda abin ya fito, ta saki katako da kanta. Shi kaɗai ya shiga bokitin.

Mai gwaji ta buɗe ƙofa ta yi masa nuni ya cire abin kunne.

“Akwai sauran ji a can ƙasa, wajen ƙara mai kauri, kaɗan ne amma akwai, kuma da shi za a yi aiki. Ku hau sama, na kira su, suna jiranku. Nan gaba doguwar tafiya ce, kada wanda ya sake yi mini dabara.”

A gindin matakala uwar ta tsaya. Ta shafa kunnen yarinya, ba ta dubi mijinta ba.

“Ɗauke ta,” ta ce. “Ta yi mini nauyi.”

Ya saɓa Ɗigo a kafaɗa ya fara hawa, babban yatsansa a dunƙule cikin tafin hannu.