Shekara Bakwai, Mangwaro Mai Zare

Tsohuwar ta dire buhun a kan teburin mai sayar da dashen itatuwa da ƙarfi, har wata 'yar tukunyar fure ta yi tsalle ta faɗo ƙasa. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta kwance bakin buhun ta juye, mangwaro ya gangaro ƙanana-ƙanana kamar ƙwan agwagwa.

"Ɗauki ɗaya ka sha," in ji ta.

Mai dashen yana tsugune yana cusa ƙasa a leda. Ya miƙe yana goge hannu a jikin wando. "Sannu da zuwa, Iya. Lafiya dai?"

"Da lafiya ce zan shiga mota biyu da buhu a ka? Ka sha na ce."

Ya ɗauka ya gatsa. Nan da nan fuskarsa ta yamutse, ya shiga zaro zare daga haƙoransa. Wasu mata biyu da suka zo sayen furanni suka juya baya suna danne dariya.

"Ka ji ko? Tsami kamar bakin maƙiyi, zare kamar igiyar guga, ƙwallo ya fi nama yawa. Wannan shi ne abin da ka sayar mini shekara bakwai da suka wuce, a nan wurin, kana rantsuwa wai mai aure ne, wai ɗansa ɗaya sai an riƙe shi da hannu biyu. To ga hannu biyun na kawo, ka nuna mini abin da zan riƙe."

Wanda bai san ta ba sai ya ce rigimar tsufa ce. Ba haka ba ne. Lokacin da ita da marigayi mijinta suka tare a gidansu, bayan gidan ba komai sai tsakuwa da fasassun bulo. Da hannunta ta tsince su. Shekara ashirin ke nan tana gina wannan lambu, kuma ba a dasa ko tsinke a cikinsa da ka ba. Lemun tsami ta sa shi inda ruwan wanke-wanke yake bi. Gwanda ta jera ta a jikin katanga, don saiwarta ba ta fasa gini. Gwaiba ta kai ta can nesa da rijiya. Wani ya taɓa kawo mata itacen ado kyauta, ta ce ya mayar, abin da ba a ci, ba a sha, ba ya magani, ba ya kwana mata a gida. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ita da littafi take zuwa tana rubuta abin da ta faɗa.

Tsakiyar filin kuwa shekara goma sha uku ta bar shi fayau. Na mangwaro ne, ta ce, kuma ba kowane ba. Sai da ta zaga gari ta ɗanɗana, ta tambaya, sannan ta zo nan ta zaɓa.

Yanzu ga Auta, ɗanta da suke zaune tare da shi da iyalinsa, ya sayi mota. Yana so ya fasa katangar baya ya yi mata rumfa, mangwaron ne ya tare hanya. Bara suka yi yarjejeniya: ya bari itacen ya yi 'ya'ya, in ya ɗanɗana bai ji daɗi ba, ya sare. Bana ya yi. Auta ya gatsa sau ɗaya ya ajiye, bai ce uffan ba, shirun nan ya fi mata zagi ciwo. Yau da ƙarfe huɗu mai zarto zai zo.

"Abu biyu nake so," ta ce wa mai dashen. "Ka biyo ni ka faɗa a gaban ɗana cewa kai ka cuce ni, ba ni ce ban san itace ba. Sannan ka san yadda za ka yi ka dawo mini da shekara bakwai."

"Iya, zauna mana."

"Ban zo zama ba."

Ya jawo benci duk da haka, ita kuma ta zauna, don gwiwoyinta ba su san fushi ba.

"Kin ce sai bana ya fara 'ya'ya?"

"Kurma ne kai?"

"Mai aure ba ya kai bakwai, Iya. Uku, in ya daɗe huɗu."

"Shi ya sa na ce ka cuce ni!"

Ya shiga cikin layin dashen ya ɗauko wani ɗan mangwaro a leda, ya ajiye a gabanta. Ya nuna mata wani kumburi a jikin karan, kamar taki ɗaya daga ƙasa. "Kin ga nan? Nan ne auren. Daga nan zuwa ƙasa gindin na gida ne, mai zare, saboda shi ke jure fari da ciwo. Daga nan zuwa sama shi ne mai daɗin. Naki yana da wannan tabon ranar da kika ɗauka?"

"Yana da shi. Har da farar leda a naɗe. Kana tsammani zan sayi abu ban duba ba?"

"To bayan kin dasa, ya taɓa fitar da wani toho daga ƙasan tabon?"

"Ya fitar. Daminar farko. Wani lafiyayyen reshe, ganye shar, cikin wata biyu ya wuce na saman. Na saman kuwa ya tsaya a ƙanjame kamar maraya."

"Sai kika yi yaya?"

"Sai na yi abin da duk mai hankali zai yi. Biyu ba sa cin tukunya ɗaya su ƙoshi. Na sa wuƙa na cire mai raunin, na bar mai ƙar..."

Ta dubi dashen da ke gabanta, ta dubi kumburin, ta dubi abin da ke samansa. Haka take yi wa gwanda, haka take yi wa tumatir da kuɓewa: a cire rago, a bar jarumi. Shekara ashirin dabarar ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Matan nan biyu sun daina zaɓen fure, sun kasa kunne. Mai dashen ya ɗaga murya yadda za su ji. "Laifina ne, Iya. Ya kamata in gaya miki ranar."

"Rufe mini baki," ta ce. "Kada ka lulluɓe ni da ƙarya kamar jaririya. Ka gaya mini. Ka ce duk abin da ya fito a ƙasan leda in cire. Ni ce na ce a raina, yaron da aka haifa jiya ne zai koya mini itace?"

Ta murza gefen zanenta. Can ta ce, "To shi ke nan. Ɗana ya sare shi kawai."

"A sare gindin shekara bakwai? Iya, kaurinsa ya kai ina?"

Ta haɗa hannuwanta biyu ta nuna, yatsun ba su taɓa juna ba.

"A shekara bakwai?" Ya riƙe baki. "Me kike ba shi?"

"Takin akuya da toka, sau biyu a shekara. Ruwa kuwa ba a gindi nake zubawa ba, rami na zagaya masa daidai inda inuwarsa ta tsaya." Ta ɗan gyara zama. "Ko kwana ɗaya bai taɓa jin ƙishi ba."

"To ai ke ce da dukiya ba ki sani ba. Irin wannan gindin, a sare manyan rassan daidai ƙirji, a tsaga ɓawon, a soka sabon aure. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba jiran komai. Shekara biyu ki sha. Kuma ba dole iri ɗaya ba, kowane reshe da nasa."

"Iri nawa?"

"Rassa nawa gare shi?"

"Huɗu."

"A bar ɗaya ya riƙa shayar da gindin. Uku ke nan."

Ta miƙe tsaye. "Ɗauko wuƙarka."

"Yau? Iya, ga mutane..."

"Ƙarfe huɗu mai zarto zai zo. Kuma irin ni zan zaɓa, ba kai ba."

Ta shiga da shi har ƙarshen lambun inda manyan itatuwansa suke. Ta sa ya tsinko ta ɗanɗana guda shida. Ta ƙi wanda ya fi girma, ta ce ruwa ne kawai. Ta zaɓi mai nuna da wuri, da mai nuna a tsakiya, da mai kaiwa ƙarshen lokaci, don kada jikokinta su ƙoshi wata ɗaya su yi hamma wata uku. Ya yanko 'yan rassa kaurin yatsa, ya zage ganyen, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. A cikin mota ita ta riƙe ƙunshin a cinya, kwandasta ya matso ta ce ya yi hankali da gwiwarsa.

Sun iske mai zarto ya riga su, yana zuba wa injinsa mai. Auta yana tsaye da makullin mota a hannu, matarsa tana leƙe ta tagar kicin.

"Inna, ina kika shiga tun safe? Wane ne wannan?"

Ta ɗauki gawayi ta nufi itacen, ta ja layi a kan rassa uku daidai ƙirjinta. Ta juyo ga mai zarto. "Kai, ɗan nan. Nan za ka yanka, a miƙe, kada ka ɓare mini ɓawo. Wancan na huɗun kada ka taɓa shi. In zartonka ya sauka ƙasa da layin nan, ni da kai ne."

Mai zarto ya dubi Auta.

"Inna, mun fa yi magana," in ji Auta. "Na ɗanɗana."

"Ka ɗanɗana ɗan gindi. Alkawarinmu a kan mangwaron da na zaɓa ne, shi kuwa ko ni ban taɓa sa shi a baki ba. Shekara biyu."

"Motar fa?"

"Ta kwana inda ta kwana jiya. Ƙarfe ne, ba ya toho."

Matarsa ta tuntsire da dariya daga kicin. Auta ya buɗe baki, ya dubi gwandar, ya dubi lemun da ya sunkuya da 'ya'ya, ya dubi uwarsa da gawayi a hannu. Ya sa makullin a aljihu, ya ɗaga wa mai zarto kai.

Da rassan suka faɗi, haske ya cika lambun. Mai dashen ya yi aure na farko tana tsaye a kansa: ya fere bakin ɗan reshen, ya tsaga ɓawo, ya soka, ya naɗe da leda tam. Na biyu ta riƙe masa. Na uku ta miƙa hannu.

"Ba ni wuƙar."

Ta fere, ta tsaga, ta soka. Da ta gama ɗaurewa, mai dashen ya duba ta kowane gefe, ya ja ledar da yatsa, bai sami abin gyara ba.

Auta ya matso yana kallon kututturan. "Wai Inna, to wa ya cuce ki ɗin? Shi ne?"

Mai dashen ya sunkuyar da kai yana tattara kayansa.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Wata tsohuwa ce mai taurin kai. Na yi mata faɗa tun daga can har gida, ta ji." Ta goge wuƙar a zanenta ta mayar masa. "Kai kuma kwashe mini rassan nan daga kan gwandata."