Baitin Buba Mai Sanda

Ango Mai Molo ya daɗe da rasuwa lokacin da waƙarsa ta dawo Tungar Gawo, wani ƙauye kusa da Lolo a ƙasar Bagudo. Wani matashin mawaƙi na birni, Jamaluddeen, shi ya sake rera ta da fiyano da ganguna masu sauri, ta cika wayoyi da gidajen biki. A hirarsa da gidan rediyo ya ce waƙar marigayi Ango ce, a bakin tsofaffi ya koye ta, bai ƙara ko kalma ba.

Safina, ɗiyar Ango, mai sayar da shinkafa a kasuwar Lolo, da farko daɗi ta ji. Amma akwai wani baiti a tsakiya mai cewa, "Buba mai sanda ɓarawon gero, gonata ta koma nono a gidanka." A nan kiɗan yake tsayawa cak, sai muryoyi su yi ta maimaita "ɓarawo, ɓarawo." Buba kuwa shi ne mahaifin Ardo Abu, shugaban Fulanin da ke zaune a bayan ƙauyen tun kafin a haifi Safina.

Da kaka ta zo, shanu suka shiga wata gonar shinkafa. Ba a gama sasanta maganar ba samarin ƙauye suka ɗaura sifika a kan babur, suna zagaya mashayar shanu da wannan baiti. Ranar kasuwa aka fasa wa wani makiyayi kai. Matan ruga suka daina kawo nono, kuma wani ya aiko wa gidan Ango cewa su kula da rumbunsu.

Maigari ya kira zama bayan La'asar. Ardo ya aiko da amsa cewa zai zo, amma in ta tabbata Ango ya zagi ubansa a waƙa, to zaman da ke tsakaninsu ya ƙare.

"Su zo," in ji Haliru, yayan Safina, yana wasa adda a tsakar gida. "Mu ma muna da hannu."

"Yaya, aje wagga adda ka tada babur," in ji Safina. "Goggo Jummai na da kaset ɗin Baba."

Goggo Jummai ƙanwar Ango ce, ita take yi masa amshi kafin aure ya kai ta wani ƙauye a cikin ƙasar Benin, gaba da Madekali. Suka kama hanya da hantsi. A bakin iyaka suka tarar da layin motocin kaya, ana bincike a hankali. Safina ta tsaya a rana tana kallon inuwa tana gajarta, Haliru yana ta tsaki, har aka ɗaga musu hannu suka wuce.

Sun sami Goggo tana shanyar kuɓewa. Ta saurare su har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta fito da kaset a naɗe cikin tsohon kallabi.

"Wani malamin makaranta ya ɗauke shi da rikodarsa," in ji ta. "Rannan ina jego, ban tahi ba. Sau ɗaya na ji shi, rikodata ta mutu."

"Goggo, baitin na ciki?"

Tsohuwar ta kalli ƙasa. "Ina tuna sunan Buba a ciki. Abin da ya biyo baya ban riƙe ba. Ɗiyata, ki ji shi ke kaɗai kahin ki kai gaban maza."

Babu mai rikoda a ƙauyen. Sai a Lolo suka samu wata tsohuwar rikoda a wurin mai gyaran rediyo, kuma kafin ya haɗa wayoyinta ya sa batir, an riga an kira La'asar. Haliru ya ce su tsaya su saurara. Safina ta ce in suka makara, za a tashi zaman da faɗa. Ta rungume rikodar ta hau babur.

Ƙofar gidan Maigari ta cika. Manoma suna gefe ɗaya, Fulani suna ɗaya gefen da sandunansu a kafaɗa, tsakani kuwa fili ne da ba wanda ya taka. Safina ta ratsa ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ga muryar Baba da kansa. A sa ta Jamaluddeen, sannan a sa wagga."

Maigari ya dubi Ardo. Ardo Abu, dattijo mai furfura a gemu, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Aka sa ta Jamaluddeen a waya. Da aka zo wurin "ɓarawo," wani saurayi a bayan manoma ya yi dariya, sanduna suka sauko daga kafaɗu. Maigari ya daka tsawa aka yi shiru.

Safina ta danna rikodar. Da farko shuu kawai ake ji, sai kukan ɗan maraƙi, sai molo ya shigo a hankali, ba ganga, ba gaggawa. Muryar Ango ta fito a dushe, kamar mai hira. Ya yabi ruwan sama, ya yabi fadama. Safina ta ji hawaye na zuwa ta danne. Sai ga shi, a bakin ubanta, kalma bayan kalma: "Buba mai sanda ɓarawon gero, gonata ta koma nono a gidanka."

Nan take muryar ta ja, ta lanƙwashe, ta mutu. Rikodar ta cinye zaren kaset.

Ardo ya miƙe. Mutanensa suka miƙe tare da shi. A ɗaya gefen Haliru ya matso gaban ƙanwarsa.

"Mun ji," in ji Ardo. "Da bakinsa ya hwaɗi."

"Baba Ardo, ba ta ƙare ba."

"Mi ya rage, ɗiyar Ango?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Wallahi ni ma ban taɓa ji ba. Ka bar ni in gyara. In zagi ne har ƙarshe, ni zan tashi in ba ka haƙuri gaban kowa."

Ardo bai zauna ba, amma bai tafi ba. Safina ta buɗe rikodar, ta zaro zaren da ya cukurkuɗe a hankali. Wuri ɗaya ya tattare kamar zai tsinke. Ta miƙar da shi da farce, ta karɓi biro a hannun wani ta naɗe shi, ta mayar, ta danna.

Molon ya dawo yana karkarwa. Sai aka ji dariya, dariyar wani mutum dabam, mai kauri. Mutumin ya karɓi waƙar da Hausa mai karin Fulatanci: "Ango malalaci ɓarawon nono, shanuna suka ba gonarka taki, ka ci tuwo ba ka gode ba." Mata suka yi guɗa a cikin kaset ɗin. Ango ya rama, mutumin ya rama, suna yi suna shaƙewa da dariya, har suka haɗa baki a amshi ɗaya. Sannan mai muryar ya ɗaga ta ya yi kira da Fulatanci, aka ji sunan Abu a ciki.

Ardo ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmarsa ba.

"Mi ya ce?" Maigari ya tambaya.

"Ya ce in kawo ma baƙo hura." Ardo ya shafa fuskarsa da gefen rawani. "Babana ne, Buba. A rugarmu aka yi wannan, ranar sunan ƙanwata. Ni na riƙe ƙwaryar."

Aka bar kaset ɗin har ya ƙare. Maigari ya hana sa waƙar Jamaluddeen a mashaya da hanyar ruga, ya ce maganar gonar shinkafa kuma gobe za a je a duba ɓarnar tare. Wasu samari suka tashi suna gunaguni, makiyayin da aka fasa wa kai ya tafi bai gaisa da kowa ba.

Da taron ya watse, Ardo ya tsaya a gaban Safina.

"Innata na nan da rai, idonta ya tahi amma kunnenta garau. Ki ba ni aron wannan abin."

"Zaren ya yi rauni, Baba Ardo. Ni zan kai, in kunna mata da hannuna."

Suka bi ta gefen gonaki, Ardo a gaba, Safina a baya da rikodar a ka. Tsohuwar tana zaune a bakin bukka. Da muryar mijinta ta fito, ta kai hannu ta laluba rikodar, ta jawo ta kan cinyarta, ta ce a ƙara mata sauti.