Ƙarfe a Idon Hadiyya

Ɗan'azumi wanzami ne, kuma duk jaririn da aka haifa a Zongo cikin shekara ashirin sai da ya sha ƙarfensa. Yakan cire beli yana hira, uwa na kuka, shi ko a jikinsa. Zalissa matarsa ta ɗauka mai irin wannan zuciya shi ya dace ya raka ta asibiti. A nan ta yi kuskure.

Hadiyya 'yarsu bakwaini ce. Kilo ɗaya da ɗan wani abu aka haife ta, ta yi sati uku a kwalba tana shan oksijen. Likitar ido, wata 'yar siririyar mata, ta yi musu bayani tun farko: irin waɗannan yara, jijiyoyin bayan idonsu kan tsiro barkatai, in ba a gani da wuri an ƙona su da haske ba, sai ido ya mutu.

Aka ɗiga magani. Likita ta ɗaura fitilarta a goshi, ta sa wani ɗan ƙarfe ta bankare fatar idon dama. Hadiyya ta tsala ihu.

"Wa ya koya miki aiki?" in ji Ɗan'azumi. "Ƙarfe ba ya shiga ido. Kakana ma bai taɓa yi ba."

"Misiye, minti biyu kawai," in ji likitar da Faransanci.

Bai ba ta ko ɗaya ba. Ya kwaɗa mata mari har ta bugu da bango, ya fizge fitilar daga kanta ya maka da ƙasa, ya bi ya tattake da takalmi. Zalissa ta kifa kan jaririyar, gwiwar hannunsa ta same ta a kunne. Masu gadi biyu suka shigo da kulake, suka yi ta jibgarsa har ya daina motsi, sannan suka ja shi ta ƙafa, jini na bin siminti.

Likita ta tofar da jini, ta zare ƙarfen daga idon yarinyar a hankali.

"Madam, na ga na dama. Ciwon ya yi nisa. Kwana uku gare mu." Ta dubi tarkacen da ke ƙasa. "Fitilar nan ita ke nan mana, kuma da ita ake aikin."

Zalissa ta fito. Mata tara na zaune a benci, kowace da ɗan mitsitsin jariri a ƙirji. Sun ji komai. Ba wadda ta zage ta, kuma da zagin ya fi mata sauƙi.

Ta yi yawo, Allah ya sani. Ta hau moto, wato babur, tana bin asibitoci daga unguwar Paspanga zuwa Tanghin da ɗanyen jego, ko'ina a ce a dawo, ko a ce mai yi ya yi tafiya. Sabuwar fitila ta iso bayan sati shida.

Ranar da aka sako Ɗan'azumi daga kurkuku ya shigo gida yana ɗingishi, ya rame, ya zauna bakin tabarma. Zalissa ta tsane shi, ta kuma ji tausayinsa, ta miƙa masa 'yarsa. Ya kaɗa hannu a fuskar yarinyar. Ya sake kaɗawa. Ya juya ta wajen hasken ƙofa.

"Hadiyya," ya ce.

Yarinyar ta juyo da kai, ta yi murmushi wajen kafaɗarsa.

"Ta ji ka, Maigida," in ji Zalissa. "Ka riƙa yi mata magana. Ta haka za ta san ka."